Clonazepam: Sharhi a Kan Ƙwayar Farfaɗiya da Firgici Mai Daɗewa a Jiki

Ƙwayar clonazepam 'yar mitsitsiya ce, in ta suɓuce ta faɗi ƙasa sai an sunkuya an lalubo ta, kuma wannan ƙanƙantar tata ce ke ruɗin mutane. Mafi ƙarancin wadda aka saba gani miligiram 0.5 ce, amma ƙarfinta ya yi kusan na miligiram 10 na diazepam, wani ɗan uwanta mai kwantar da jijiyoyi. Akwai mai miligiram 1, akwai mai 2, akwai kuma ta ruwa da ake ɗigawa, mai miligiram 2.5 a kowane mililita. Kamfanin Roche ne ya fito da maganin, aka amince da shi a Amurka a 1975, can ana kiransa Klonopin, a ƙasashe da dama kuwa Rivotril. Ra'ayina a kansa tun daga farko: magani ne mai aiki, mai kuma saurin aiki, kuma a wasu nau'o'in farfaɗiya ya cancanci yabo. Sai dai ba ya yafe sakaci ko kaɗan, kuma kusan duk kuskuren da ake tafkawa da shi daga abu guda yake tasowa, wato rashin sanin tsawon lokacin da yake ɗauka a cikin jiki.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, aikinsa shi ne taka wa jijiyoyi burki idan suka yi zafi. Clonazepam, kamar sauran danginsa na benzodiazepine, yana ƙara wa wannan burkin kamu ne. Farfaɗiya tana tashi idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ɗauki wuta gaba ɗaya ba tsari, firgici kuma yana zuwa idan ɓangaren da ke gargaɗin haɗari ya yi ta bugawa babu dalili, shi ya sa magani ɗaya ke lafar da su biyun. Amma burkin ba ya zaɓe. Yadda yake danne jijjiga haka yake danne wartsakewa, da daidaiton tafiya, da riƙe sabon abu a ka.

Bayan an haɗiye ƙwayar, takan kai ƙololuwarta a jini tsakanin awa 1 zuwa 4. Fitarta ce ke da nawa: sai an yi awa 30 zuwa 40 kafin rabin abin da aka sha ya bar jiki. Wanda ya sha da daren Litinin, da hantsin Laraba rabin ƙwayar na nan tare da shi. Idan kullum ake sha, ta yau tana hawa kan ragowar ta jiya da ta shekaranjiya, sai an yi kamar mako guda kafin yawan maganin ya tsaya a mataki ɗaya. Wannan alheri ne ta wata fuskar, domin yawansa a jini ba ya hawa da sauka kamar na ɗan uwansa alprazolam, wanda ke saurin ƙarewa ya bar mutum yana duban agogo. Ta ɗaya fuskar kuma tarko ne. Mutum ya sha kwana biyu, ya ga kamar bai ji komai ba, ya ƙara rabi da kansa, ya sake ƙarawa, sai a kwana na shida ko na bakwai abin ya haɗu ya danne shi, yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ba ya tuna abin da aka faɗa masa da safe. Don haka ba a auna aikin clonazepam a kwanakin farko, ba a kuma ƙara shi sai likita ya ce.

A farfaɗiya, inda ya fi nuna bajinta shi ne irin wadda yaro zai yi zuru na 'yan daƙiƙu, ido buɗe, a kira sunansa bai ji ba, sannan ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba a yi komai ba. Haka ma irin wadda hannu ko kafaɗa ke fizga farat ɗaya har abin da ke hannu ya faɗi, da wadda jiki ke saki mutum ya zube, da kuma mai wuyar sha'anin nan ta yara da ake kira Lennox-Gastaut. Ga babba, ƙa'idar da ke takardar maganin a Amurka ita ce kada a fara da fiye da miligiram 1.5 a yini, a raba shi uku, a riƙa ƙara 0.5 zuwa 1 duk bayan kwana uku, iyakarsa miligiram 20. A Ingila an fi farawa da miligiram 1 da daddare na dare huɗu, tsoho kuma 0.5, sannan a hau a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu, yawanci a tsaya tsakanin 4 da 8. Na fi son a fara da dare, saboda barcin da yake sawa ya faɗo a lokacin da dama barci za a yi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ko kilo 30 da nauyinsa ake lissafi, a fara da miligiram 0.01 zuwa 0.03 ga kowane kilo a yini. Waɗannan alƙaluman na kawo su ne don mai shan magani ya gane abin da aka rubuta masa ya iya tambaya idan ya ga ya kauce, ba don ya auna wa kansa ba.

Babban aibunsa a nan shi ne sabo. Takardar maganin da kanta ta ce a wasu bincike har kashi 30 cikin 100 na waɗanda ya yi wa aiki da farko aikin ya dushe, sau da yawa cikin wata uku. Shi ya sa likitocin jijiya suka fi ɗora shi a kan wani maganin farfaɗiya kamar valproate ko levetiracetam maimakon su dogara da shi kaɗai. Idan faɗuwar ta fara dawowa, littafin da aka rubuta ranakun faɗuwa, da ƙarfe nawa, da minti nawa ta ɗauka, ya fi duk wani dogon bayani amfani a gaban likita. Sannan a kiyaye: ƙwayar haɗiya ba ta lokacin jijjiga ba ce. Wanda ke jijjiga ba a sa masa komai a baki, ba ƙwaya, ba ruwa, ba cokali. A kwantar da shi gefe guda, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, aikin gaggawa ne na asibiti, kuma maganin ceto daban yake: midazolam da ake zubawa tsakanin kunci da dasashi, ko diazepam ta dubura.

Ga firgici kuwa, wato wanda ke auko wa mutum ba shiri, gaba na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, gumi na keto masa, yana ganin ajali ya zo, akan fara da miligiram 0.25 sau biyu a yini, bayan kwana uku a kai miligiram 1 a yini, wanda shi ne ke isar yawancin mutane. Iyaka 4 ce, kuma abin da ya haura 1 sau da yawa barci yake ƙarawa fiye da sauƙi. A nan ne nake ɗari-ɗari da shi. Sauƙin da yake kawowa gaskiya ne, cikin awa guda mutum zai ji ƙirjinsa ya sake, kuma wannan daɗin ne ke sa a manne masa. Magungunan da ke riƙe firgici na dogon zango, irin su sertraline, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kankama, haka ma zaman koyar da tunani da ake yi da masanin halayyar ɗan Adam. Amfanin clonazepam shi ne ya riƙe mutum a wannan tsakanin. Shawarar da aka daɗe a kai ita ce benzodiazepine don fargaba kada ya wuce mako biyu zuwa huɗu. Ranar da aka rubuta maka shi, ranar ya kamata ka tambayi likita yaushe za a fara janye shi, kuma ta yaya.

Illolinsa na yau da kullum ba ɓoyayyu ba ne. A cikin masu farfaɗiya, kusan rabi suna fama da gyangyaɗi, kusan kashi 30 cikin 100 da tangaɗi, kusan kashi 25 da sauyin hali. Wannan na ƙarshen yakan ba iyaye mamaki: an ba yaro maganin kwantar da hankali, ga shi ya koma mai ƙiriniya da saurin fushi, yana duka yana cizo. Maganin ne, a sanar da likita, kada a ɗora wa yaron laifi. Jarirai da ƙananan yara kuma yana sa musu yawan yawu da majina a ƙirji, za ka ga gaban riga ya jiƙe, numfashi na ƙara kamar ana kurkurar ruwa, wanda haɗari ne ga yaron da dama haɗiya ke ba shi wuya. Tsoho shi ne ya fi kowa shan wahala, ya tashi fitsari da tsakar dare ƙafa ba ta ɗauke shi ba, ya faɗi ya karya ƙugu. Tuƙi, hawa sama, aiki da inji, duk a ajiye su har sai maganin ya zauna an ga yadda jiki ya karɓe shi. Kamar sauran magungunan farfaɗiya, yana iya jawo baƙin ciki mai tsanani ko tunanin kashe kai ga kaɗan daga cikin masu sha, kuma wannan ba abin da za a jira ranar komawa asibiti ba ne.

Shi kaɗai, clonazepam ba kasafai yake tsayar da numfashin mai lafiyar huhu ba. Haɗi ne ke kisa. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kan haɗa benzodiazepine da dangin opioid, wato tramadol, kodin, morphine da makamantansu, domin kowannensu na danne numfashi ta hanyarsa, in suka haɗu mutum na iya yin barcin da ba tashi. Tramadol ma laifinsa biyu ne, don shi kansa yana tayar da jijjiga. Barasa haka take, ko kaɗan ce. Waɗanda aka fi mantawa su ne na cikin gida: maganin tari mai kodin, maganin mura ko ƙaiƙayi mai sa barci kamar chlorpheniramine da promethazine, da na ciwon jijiya, pregabalin da gabapentin. Akwai kuma masu taɓa yadda hanta ke sarrafa shi. Magungunan farfaɗiya carbamazepine, phenytoin da phenobarbital suna sa ta hanzarta fitar da shi, ƙarfinsa ya ragu, su kuwa ketoconazole, clarithromycin da ritonavir suna iya sa ya taru. Kowace ƙwaya da kake sha, har da ta gargajiya, a kai wa mai harhaɗa magunguna ya gani da idonsa.

Mai ciwon hanta mai tsanani ba ya shan sa, haka mai hawan ruwan ido irin mai taso wa farat ɗaya. Mai cutar huhu da ta yi nisa, da mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, da mai raunin tsoka na myasthenia gravis, dole likita ya sani kafin ya ɗora biro.

Wurin daina shi ne maganin ke nuna ainihin halinsa. Makonni kaɗan na sha kullum sun isa ƙwaƙwalwa ta rage nata burkin ta jingina da na ƙwayar, ko da mutum bai taɓa wuce ƙa'ida ba. Wannan ba shaye-shaye ba ne, ba kuma abin kunya ba, haka jiki yake. A 2020 hukumar Amurkan nan ta faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da wannan kamuwar da haɗarin yankewa farat ɗaya. Saboda daɗewarsa a jini, wanda ya yanke yakan yi kwana biyu ko uku lafiya lau, ya ɗauka ya rabu da shi, sannan rashin barci ya fara, hannu na karkarwa, gumi, ƙarar kofi a kan faranti ta zame masa kamar guduma, fargaba ta dawo fiye da da. Mafi muni shi ne jijjiga mai bin juna ba tsayawa, har ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Takardar maganin ta ce a firgici a rage miligiram 0.125 safe da yamma duk kwana uku, amma a ganina wannan ya yi gaggawa ga wanda ya yi watanni yana sha. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako biyu zuwa huɗu ya fi zama lafiya, a dakata a mataki guda in jiki ya ƙi, kuma matakan ƙarshe su ne mafi wuya, inda na ruwa ke da amfani don ƙwayar ba ta ɓantaruwa daidai. Saboda haka kada a bari magani ya ƙare a ƙarshen mako ko a hanyar tafiya, a sabunta takarda saura na kwana bakwai. In an manta sha, a sha da an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to a tsallake, kada a ninka.

Sunansa yana kama da clonidine na hawan jini, da clobazam, da clozapine, kuma ɗigon da ke cikin 0.5 yakan ɓace a rubutun hannu. A karanta kwalin harafi-harafi kafin a bar gaban kanta. A gida a kulle shi, a riƙa ƙirga ƙwayoyin, kada a ba kowa ko da ciwonsa ya yi kama da naka.

Mai juna biyu ko mai shirin ɗauka kada ta yanke da kanta, domin jijjiga ta fi ƙwayar haɗari gare ta da ɗan cikin. Ta je a sake tsari, masu karɓar haihuwa kuma su sani, saboda jaririn na iya fitowa jiki a sake, ba ya kama nono sosai, ko ya yi ta karkarwa da kuka bayan 'yan kwanaki. Maganin yana shiga ruwan nono, don haka mai shayarwa ta lura da yawan barcin jariri da ƙin tsotso.

Idan aka tarar da mai shan sa ba ya tasuwa, numfashi ya yi ƙasa ko yana yankewa, leɓe ya sauya launi, a juya shi gefe a nemi agajin gaggawa, a tafi da kwalayen duk abin da yake sha. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A faɗa wa ma'aikatan asibiti tun a bakin ƙofa cewa yana da farfaɗiya ko ya daɗe a kan clonazepam, domin allurar flumazenil da ke warware benzodiazepine tana iya tayar wa irin wannan mutumin jijjiga mai wuyar tsayarwa, kuma sau da yawa taimaka wa numfashinsa har maganin ya fita shi ne abin da za su zaɓa. Idan ana zargin ya haɗa da tramadol ko kodin, a faɗa, don maganin naloxone, mai warware opioid, zai warware wancan ɓangaren ko da ba ya taɓa clonazepam.