Takobin Link a ɗakin haya na Agege: wata uku ina gwada hannu da maɓalli

Ranar farko da na ɗaga hannu sama don takobin Link, jarumin wasan bidiyon da nake bugawa, ya tara haske, saura ƙiris fankar ɗakina ta tafi da yatsuna. A wasan Skyward Sword haka ake yi: ka miƙe hannu tsaye, ka riƙe na ɗan lokaci, takobi ya cika da haske, sannan ka kai sara. Wanda ya tsara wannan bai san rufin ɗakin haya a Agege ba. Uwargida ta leƙo daga tsakar gida jin ƙarar "ƙwas", ta same ni tsaye ina duba yatsu, ta ce, "Maigida, da wa ake faɗa?" Na ce da aljani mai farin gashi. Ta girgiza kai ta koma wankinta.

Switch ɗin, wato na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, na hannu na saya a Computer Village da ke Ikeja, tare da katin The Legend of Zelda: Skyward Sword HD. Asalin wasan ya fito ne a kan Wii, tsohuwar na'urar Nintendo, a 2011, kuma ba a iya buga shi sai da Wii MotionPlus, wato na'urar da ke gane yadda ka karkata hannu. Na taɓa shi sau uku ko huɗu a Kano a wancan lokacin, a gidan wani aboki, ban kai ko'ina ba. Da aka yi masa kwaskwarima aka sake fitar da shi a watan Yulin 2021, an ƙara hasken hoto, motsinsa ya koma hoto 60 a daƙiƙa, an rage surutun Fi, ruhin da ke cikin takobin, wadda a da ba ta barin mutum ya yi taku goma ba ta tsayar da shi da nasiha ba. Amma babban abin da aka ƙara shi ne damar buga wasan da maɓallai zalla, ba tare da wurga hannu ba. Wata uku ke nan ina sauyawa tsakanin hanyoyin biyu, na gama wasan sau ɗaya, ina tsakiyar na biyu.

Sai an fahimci yadda aka gina abokan gaba a wasan nan kafin a gane me ya sa zancen ya fi ƙarfin "wanne ya fi daɗi". A yawancin wasannin takobi, maɓalli ɗaya kake dannawa jarumi ya yi ta sara. Nan ba haka ba ne. Akwai tsiro mai cin mutum, Deku Baba, wanda bakinsa ke buɗewa wani lokaci a kwance wani lokaci a tsaye, kuma sai ka sare shi daidai da yadda bakin ya tsage. Wani dodo mai suna Bokoblin yana tare gefe guda da makaminsa, sai ka bi ta gefen da ya bari. A hamadar Lanayru kuwa akwai masu riƙe da sanda mai lantarki, in ka kai sara ta gefen sandar, kai ne za ka sha girgiza. Kowane faɗa tambaya ce guda: ta ina? Saboda haka masu kwaskwarimar ba su da damar cewa "danna nan ka sara". Dole su nemi wata gaɓa da za ta ɗauki aikin hannu baki ɗaya, sai suka ɗora wa babban yatsan dama.

A tsarin maɓalli, 'yar sandar dama ita ce takobi. Ka fizge ta hagu, Link ya sara hagu. Ka fizge ta a karkace, saran ya zo a karkace. Ka danna ta ciki, ya kai suka. In ka tura ta a hankali ba tare da fizga ba, takobin ne kawai ke bin wajen, bai sara ba. Garkuwa tana kan danna sandar hagu. A kwana biyun farko na sha wuya, domin yatsana ya shekara goma yana buga ƙwallo a fad, ya saba cewa sandar dama ta dabara ce ko ta juya kallo. Bayan mako guda sai ya zauna, kuma gaskiya saransa ya fi na hannu tsabta. In na ce kwance, kwance yake zuwa.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tunda takobi ya ƙwace sandar dama, juya kallo ya rasa mazauni. Sai ka riƙe maɓallin L sannan sandar ta koma ta kallo, ka saki ta koma takobi. Ban san sau nawa na so in leƙa bayan dutse ba sai na ga Link ya zare takobi yana saran iska a tsakiyar kasuwar Skyloft, garin su Link, kamar wanda aka yi wa jifa. Daga baya na koma tafiya da yatsa a manne kan L kullum, ina sakinsa idan faɗa ya zo. Yana aiki, sai dai bayan awa ɗaya yatsan manuni ya fara tsami. Abin dariyar shi ne a tsarin motsi wannan matsala babu ita: hannunka ne takobi, don haka sandar dama ta zama 'yantacciya, kana juya kallo yadda ka ga dama, abin da ko a kan Wii ba a samu ba. Wato mai neman sauƙi a maɓalli ya gudu bai tsira ba, mai wurga hannu ne ya samu kallon da ya fi.

Ghirahim ne ya raba mini gardama, ko kuma ya ƙara rikita ta. Shi ne aljanin mai farin gashi, ana fara haɗuwa da shi a ƙarshen haikalin Skyview. Yana tahowa a natse, hannu a miƙe yana bin bakin takobinka, in ka sara ta inda hannun yake sai ya cafke takobin da yatsu. Dabarar ita ce ka ja hankalinsa gefe guda, ka kawo saran ta wani gefen. Da Joy-Con a hannu, wato ƙananan fad biyu da ake zarewa daga jikin Switch, na yi ta shan kashi, domin duk lokacin da na yi saurin mayar da hannu ɗaya gefen, wasan na ɗaukar wannan saurin a matsayin sara. Laifin gaggawata ne. Dole ka koyi jan hannu a hankali kamar mai zare kaya daga ƙarƙashin yaro mai barci. Da maɓalli kuwa, sau biyu na gwada na kayar da shi. Amma na kayar da shi ban ji komai ba. Da na koma na ci shi da hannu, a karo na bakwai ko na takwas, sai da na yi kabbara har maƙwabcina Bayerabe ya ƙwanƙwasa bango yana tambaya ko Najeriya ce ta ci ƙwallo.

Haka na ji a faɗan Koloktos, gunkin nan mai hannaye shida na Ancient Cistern, inda kake fizge masa hannaye da bulala, ka ɗauki ƙaton takobinsa ka rusa shi da kayansa. Da yatsa, aiki ne. Da hannu, ramuwa ce. Na tashi gumi ya jiƙa singileti, kafaɗa na ciwo, ina murmushi ni kaɗai.

Gumin nan ma ba ƙaramin zance ba ne a Legas. Minti 40 kana wurga hannu a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ga fanka da na kashe saboda tsoron yatsuna, sai tafin hannu ya jiƙe, ɗan Joy-Con ɗin ya fara santsi. Ku sa igiyar hannu da ke zuwa da shi, ba ado ba ce. Sannan akwai saita tsakiya. Na'urar da ke cikin Joy-Con tana auna juyawa ne, ba ta san inda talabijin take ba, don haka a hankali "tsakiya" ke gocewa, sai ka nuna allo ka danna Y ta dawo. Haka fasahar take. Wanda ya mayar da danna Y ɗabi'a, kamar gyara hula, ba zai damu ba. Wanda ya manta zai ga yana nuna gabas kibiya na tafiya kudu.

Duk da wannan yabo da nake wa hannu, in an ƙirga awanni, kashi mafi tsoka da maɓalli na buga, kuma dalilin ba ya cikin wasan. Tsarin motsi yana son talabijin, wuta, da fili. In an ɗauke wuta, ba zan tada janareto da tsadar man nan don in sari Bokoblin ba. Sai in zare Switch daga mazauninsa in kwanta a tabarma. Ana iya jingine shi a tebur a cire Joy-Con, amma wurga hannu gaban allo mai faɗin tafi biyu wasan yara ne. Ga kuma hanya. A gosulon Iyana Ipaja zuwa Oshodi, in na samu kujerar taga a BRT, nakan gama rabin haikali kafin mu isa. A danfo ban ma fitar da shi, gwiwar wani na cikin haƙarƙarina, kuma ido ya yi yawa. Mai Switch Lite kuma, wanda fad ɗinsa ba ya cirewa, maɓalli ne abin da ke gabansa sai in ya sayi Joy-Con daban. Ba don tsarin maɓallin ba, da wasan nan yana nan a haikali na biyu yana jiran ranar da wuta da hutu za su haɗu.

Akwai ƙananan ayyuka da ban taɓa kewar motsi a cikinsu ba. Tuƙa tsuntsun Loftwing a sararin sama, iyo a ƙarƙashin ruwa, tafiya kan igiya, tuƙa ƙwaron nan mai tashi da ake aikawa ya yanko abu: duk da sanda sun fi sauƙi, kuma babu wani daɗi da aka rasa. Harbin kibiya shi ne na tsakiya. Akwai zaɓi a saituna da ke ba ka damar buga komai da maɓalli amma ka saita harbi da karkata na'urar, kuma wannan na bari a kunne har yau.

Ƙanena bahago ne, ya zo daga Mile 12 ran wata Lahadi ya gwada. A tsarin motsi takobi na Joy-Con ɗin dama ne, garkuwa a hagu. Ya yi minti goma ya ajiye ya ce, "Yaya, wannan ai makarantar allo ce aka dawo da ni, ana cewa in karɓa da dama." Na mayar masa maɓalli ya zauna har la'asar. Abin da ya ba shi haushi da na gaya masa shi ne asalin Link bahago ne a tsoffin wasannin. Motsi ne ya sauya shi. A 2006, da za a fitar da Twilight Princess a kan Wii, sai aka juya duniyar wasan gaba ɗaya kamar a madubi, gabas ta koma yamma, don takobi ya dawo hannun dama inda yawancin mutane ke riƙe rimot. Ya ce ashe har a Hyrule, duniyar wasannin Zelda, ba a bar bahago ya huta ba.

Na aro wasu biyu don kwatance. Super Mario Galaxy na 2007, a cikin tarin 3D All-Stars da ya fito a kan Switch a 2020, ya nuna ɗaya fuskar. A kan Wii girgiza rimot ake yi Mario ya juya. Yanzu maɓallin Y ya isa, kuma ban ga abin da ya ragu ba, domin girgizar dama can danna maɓalli ce da aka sa wa riga. Amma alamar tattara taurari, wadda a kan Wii take dogara da sandar firikwensin da ake ɗorawa kan talabijin, yanzu ta koma kan auna juyawa, a hannu kuma sai ka taɓa allo da yatsa kana cikin tsalle. A nan tsohon ya fi. Metroid Prime Remastered na 2023 shi ne ya fi burge ni, saboda asalinsa wasan maɓalli ne na GameCube, na'urar da ta gabaci Wii, a 2002, daga baya aka ba shi nuni irin na Wii, yanzu kuma aka jera tsari huɗu aka ce zaɓi. Sanda biyu na ɗauka ban waiwaya ba. Shi ba a gina maƙiyansa kan tambayar "ta ina" ba, don haka duk rigar da aka sa masa tana zama.

Ga mai shirin saye: in yawancin wasanka a kwance ne ko a mota, saya, tsarin maɓalli zai kai ka ƙarshe, ka dai ba yatsanka mako guda kuma ka yi haƙuri da L. In kana da falo da wuta mai ɗan zama, kada ka yanke hukunci kan motsi kafin ka wuce Ghirahim na farko. Ni yanzu na raba musu aiki, tunda ana sauyawa daga saituna ko a tsakiyar wasa. Yawo, neman kaya da wasanin gwada ilimi na maɓalli ne. Da na isa ƙofar babban dodo, sai in ajiye, in jira wuta.

A zagaye na biyun nan ina bakin ƙofar Koloktos tun ranar Talata. Jiya da daddare wuta ta dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yaran layi suka yi ihunsu. Na tashi a hankali na kashe fanka, na tura kujera jikin bango, na ɗaura igiya a wuyan hannu. Uwargida ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Maigida, in za ka yi yaƙin, ka kunna mini fankata tukuna." Na kunna, na zauna a bakin gado, na mayar da shi maɓalli.