Gargaɗi: ku kula da mai tallar bindigar Inglis "ta kwangilar Sin"

'Yan uwa mazauna Amurka masu lasisin tara tsofaffin makamai, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp ɗinmu yana tallar ƙaramar bindiga ƙirar kamfanin Inglis na Kanada, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, haɗe da kubenta na katako. Kayan jabu ne. Ni ya riga ya ci mini kafin alƙalami, rabin kuɗin da muka yi ciniki, kuma na ga hotunan nan dai sun sake fitowa da wata lambar waya. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, domin wanda ya karɓi bindigar nan ya kai ta gida zai iya samun kansa a hannun hukuma.

Bari in fara da abin da ya sa ake rububinta. A 1940 Jamusawa suka mamaye Beljiyam, suka ƙwace masana'antar FN da ke Herstal, inda ake ƙera Browning Hi-Power mai cin harsashi 13. Dieudonné Saive, wanda ya kammala zanen bindigar, ya tsere zuwa Ingila, daga baya ya taimaka wa kamfanin John Inglis na Toronto a Kanada ya fara ƙera ta. Daga 1944 zuwa 1945 sun fitar da kimanin 150,000, iri biyu. Akwai wadda gwamnatin Sin ta yi oda lokacin da take yaƙi da Japan: saitinta na baya ana ɗaga shi ana saukewa har zuwa mita 500, a bayan mariƙinta akwai tsaga inda ake zura kuben katako ya zama gindin da ake dafawa a kafaɗa, lambarta kuma tana ɗauke da haruffan CH. Sai ta sojojin Kanada da Birtaniya, mai kafaffen saiti, wadda lambarta ke da harafin T. Ta Sin ɗin, in ta zo da kubenta na asali, ita masu tarawa suka fi nema, a nan kuma 'yan damfara suka samu ƙofa.

Mutumin ya san bakin zaren sosai. Ya ce gadon wani tsohon soja ne da iyalansa ke son rabuwa da shi, ya turo hotuna masu kyau, har da 'yar takardar nan mai ganyen Kanada da ake liƙawa a gaban mariƙi, wadda aka rubuta sunan ƙasar da Turanci da Sinanci da Rashanci. Kullum Alhaji sama, Alhaji ƙasa. "Alhaji, wallahi don kai ne na ajiye ta, akwai mutum biyu da ke jira." Na tura masa rabin kuɗi. Daga nan sai ya fara matsa mini mu haɗu a wurin ajiye motoci na wani kanti ya miƙa mini hannu da hannu. Na ƙi, na ce sai dai a kai ta shagon dila mai lasisi in duba kafin in cika. Ya yi ta kwana-kwana har mako biyu, da ya ga ba zan sauya ba ya kai.

Na tafi da wani dattijo da ya fi shekara talatin yana tara bindigogin Inglis. Bai yi minti biyar da ita a hannu ba ya ajiye ta, ya ce in matso in gani da idona.

Abu na farko lamba. A masana'antar Inglis sai an gama yi wa ƙarfen rufinsa mai launin toka sannan ake zana lambar, a wuri uku a gefen dama: jikin bindigar, murfin sama mai zamewa, da bututu. Shi ya sa a ta asali lambobin ke fitowa fari-fari, launin tsiraicin ƙarfe. A wannan kuwa lambobin baƙi ne kamar sauran jiki, wato an zana su sannan aka sake yi mata rufi. Wannan kaɗai ba ya nuna damfara, tun da rundunoni sun sha sabunta bindigoginsu bayan yaƙi. Amma da ya sa gilashin ƙara girma ya karkata ta ga hasken fitila, sai ga ɗan kwari a inda CH yake a jikin, alamar an cike wurin da walda an goge an sake zanawa. Haruffan ma ba su yi tsayi ɗaya da na kan murfin ba. Murfin na gaskiya ne, na wata bindigar Sin, an ɗora shi a jikin da asalinsa na T ne.

Sai tsagar bayan mariƙi. Dattijon ya ja hankalina cewa tsaga ita kaɗai ba hujja ba ce ko ta wane ɓangare, domin akwai 'yan ƙalilan masu harafin T da suka fito daga masana'anta da ita. Abin dubawa shi ne aikin. Wannan gefunanta da kaifi, cikinta da sawun injin zamani, ba ta da ko ɗigon gogewar da shekara tamanin ke bari. Kuben kuwa ko ƙamshin sabon fenti bai gama barinsa ba. An buga masa S.A. LTD 1945 kamar yadda ake gani a na asali, amma katakon ciki fari tas, ba tabon mai, ƙusoshin suna ƙyalli. Takardar ganyen ita ma sabon bugu ce, irin wadda ake sayarwa a intanet da arha.

Ga inda haɗarin yake. A dokar tarayyar Amurka ta 1934, ƙaramar bindigar da aka sa wa gindin kafaɗa, bututunta bai kai inci 16 ba, ta shiga jerin makaman da dole a yi wa rajista ta musamman. Hukumar ATF mai kula da harkar makamai a Amurka ta cire Inglis ta kwangilar Sin daga wannan jeri, amma da sharaɗi: saiti mai ɗagawa, lamba mai CH, da kuben asali ƙirar Kanada. Wadda aka yi wa kwaskwarima ba ta cika sharaɗin ba, kuma hukuncin riƙe makami irin wannan ba rajista yana kaiwa shekara 10 a kurkuku. Ƙari a kan haka, riƙe bindigar da aka taɓa lambarta laifi ne mai zaman kansa. Da na amsa a wurin ajiye motocin nan, da laifi biyu na ɗauko na kai cikin iyalina, ba tare da takardar da za ta nuna daga hannun wa na saya ba.

Na ji kuma yana gaya wa wasu cewa zai iya aika irinta gida Najeriya a matsayin kayan tarihi. Kada wanda ya saurare shi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin haramtattun makamai, tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga ciki.

Da na kira shi daga shagon na faɗa masa abin da muka gani, sai ya ce yana tuƙi, zai kira ni. Tun ranar wayarsa a kashe. Dilan ya ƙi sakin bindigar ga kowa, ya sanar da hukuma, ni ma na ba da bayanina tare da rasit ɗin kuɗin da saƙonninmu duka. Duk wanda ya riga ya tura masa wani abu, ya adana saƙonnin da hotunan kada ya goge, ya kai su ofishin 'yan sandan yankinsa. Wanda kuma ya riga ya karɓi bindiga daga hannunsa, kada ya zura mata kuben, ya nemi lauya tun kafin ya fita da ita daga gida.