Butter-Fly ko Sekai ga Owaru made wa: wacce za ka rera a karaoke?

Ɗan'uwanmu da ya fara aiki a wani kamfani a Nagoya ya kawo tambaya. Abokan aikinsa, yawancinsu maza 'yan shekara talatin da ɗoriya, za su ja shi karaoke, wato wurin da ake rera waƙa a kan kiɗan na'ura, bayan liyafar ƙarshen shekara, kuma an ba shi shawarar waƙoƙin anime, wato shirye-shiryen katun na Japan, guda biyu: "Butter-Fly" ta Digimon da "Sekai ga Owaru made wa" ta Slam Dunk. Lokacin da ya rage masa ba zai isa ya haddace duka ba. Wacce zai kama?

Ɗan'uwa, ka kama "Butter-Fly". Sai dai akwai yanayin da amsar za ta juya, shi ya sa zan baje maka su biyun.

Fara da lissafin shekaru, don shi ne gindin maganar. Wanda yake tsakanin shekara 30 da 39 a 2025, an haife shi ne tsakanin wajen 1986 da 1995. Digimon Adventure ya fara fita a tashar Fuji TV a watan Maris na 1999, kowace Lahadi da safe, ya ƙare a Maris na 2000. Ke nan mutanen da za ka zauna da su suna firamare ko dab da shiga a lokacin, suna zaune gaban talabijin da safiyar Lahadi. Slam Dunk kuwa ya riga shi: daga Oktoba 1993 zuwa Maris 1996 a TV Asahi, waƙar da ake maganarta kuma ta fito a 1994. Wanda aka haifa a 1993 yana goye a lokacin. Zai san waƙar, don babu Bajapanen da ya girma bai ji ta ba, amma ba ita ce ta ƙuruciyarsa ba. Ta yayyensa ce, masu 38 zuwa 45. Saboda haka ka leƙa fuskokin mutanenka. Idan 'yan talatin ɗin ne, Digimon. Idan shugaban sashenku mai furfura a gefen kai ne zai zauna a tsakiyar ɗaki, to Slam Dunk za ta fi taɓa shi.

Asalinsu ma ba ɗaya ba ne. "Butter-Fly" ita ce waƙar buɗe shirin, kuma da ita Wada Koji ya fara fitowa a matsayin mawaƙi. Sunansa ya manne da Digimon har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi shekaru yana fama da ciwon daji a maƙogwaro, ya sake rera waƙar a 2015 don sabon fim ɗin Digimon Adventure tri. da murya wadda ciwo ya riga ya ci, sannan ya rasu a watan Afrilu na 2016 yana da shekara 42. 'Yan talatin na Japan sun san wannan labari. Sun kuma san cewa a kashi na ƙarshe na shirin, lokacin da yaran ke rabuwa da dabbobinsu kuma iska ta ɗauke hular Mimi, ɗaya daga cikin yaran, wannan waƙar ce ke tashi. Don haka duk da cewa kiɗan na tsalle ne, akwai ƙwalla a ƙarƙashinsa, kuma kada ka yi mamaki ka ga wani ƙato ya cire tabarau yana goge ido.

"Sekai ga Owaru made wa" kuwa waƙar rufe shiri ce, ta ƙungiyar WANDS, wadda ta riga ta yi suna kafin Slam Dunk. Oda Tetsuro ne ya tsara kiɗan, Uesugi Show ya rera, faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin waƙoƙi na Oricon kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Waƙar soyayya ce da kaɗaici a babban birni, babu ƙwallon kwando a cikinta ko kaɗan, duk da cewa a kansa aka gina Slam Dunk. Masu kallo ne suka ɗaure ta da Mitsui, ɗan wasan nan da ya lalace ya koma ɗan daba, daga baya ya durƙusa gaban kocinsa yana kuka yana roƙon a mayar da shi fili. Fa'idar wannan asali ita ce ko wanda bai damu da anime ba ya san ta. Wani abin lura: fim ɗin The First Slam Dunk da ya fito a Disamba 2022 bai yi amfani da ita ba, ya zo da sabuwar waƙa ta 10-FEET, don haka kada ka ɗauka ƙananan ma'aikata 'yan ashirin za su bi ka.

Yanzu ga inda aikin yake, wato maƙogwaronka. "Sekai ga Owaru made wa" tana farawa a ƙasa, a hankali, har ka ɗauka abin banza ne. Da an iso amshi sai ta haye sama, kuma ba hayewa ka sauko ba, riƙewa za ka yi da dogon numfashi, ka sake, ka kuma sake, na sama da minti biyar. Kiɗan ba shi da hayaniyar da za ta rufa maka asiri. In muryarka ta tsage, kowa ya ji. Mutane kuma sukan yi tsit su saurara, suna kaɗa kai, don waƙa ce ta mutum ɗaya. "Butter-Fly" ba ta fi ta sauƙi a murya ba sosai, ita ma tana da wuraren da take hawa, amma tana da abin da ɗayar ba ta da shi: da jita ta buga farkonta, ɗakin ya ɗauka. Wani zai jawo makirufo na biyu, wani ya ɗauki kacau-kacau ɗin da ake ajiyewa a ɗakin, amshi ya zama na kowa. Kamar makaɗinmu ne da 'yan amshinsa, in numfashinsa ya yanke su suke riƙe waƙar har ya dawo. Baƙon da ke rera waƙa da harshen da bai ƙware ba, wannan rufin asiri yake nema.

A wajen kalmomi kuwa Slam Dunk ce ta fi rangwame. Tana tafiya sannu, kana iya bin rubutun da ke kan allo yayin da launi ke bi ta kansa. "Butter-Fly" tana da layuka a cikin amshi inda gaɓoɓi ke cunkushe, ga Turanci jefi-jefi da ake furtawa irin na Japanawa. In ka dogara da karatun allo za ta tsere maka. Dole ka haddace amshin tun daga gida. A kan allo ana ɗora ƙananan haruffan hiragana masu nuna furuci a saman kanji, wato haruffan nan masu wuya na asalin Sin, to in ka iya hiragana ka tsira a baitoci, amshi kaɗai ne sai da hadda.

Furuci kada ya dame ka. Bahaushe yana da sa'a da Japananci: wasula biyar ne irin namu, suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi, suna kuma ninka baƙi. Wuri ɗaya da bakinmu ke tona mu shi ne tsu. Kada ka matse ta a maƙogwaro irin ta "tsuntsu", sake ta da iska.

Na'urar karaoke ma tana taimako, ko ta kamfanin DAM ce ko ta JOYSOUND. A jikin allon hannu da ake zaɓen waƙa akwai maɓallin sauke sautin kiɗa. Sauke mataki biyu ko uku ba abin kunya ba ne, su kansu Japanawan suna yi. Amma a nan ma akwai bambanci: in ka sauke Slam Dunk da yawa, farkonta da yake can ƙasa zai nutse har ba a jin ka, ka gudu daga wahalar amshi ka faɗa ta baiti. "Butter-Fly" ta fi jure saukewa, sai dai kada ka wuce gona da iri, don masu taya ka sun saba da sautinta na asali. Ka kuma duba ko akwai nau'in da ke nuna hotunan shirin a allo. In akwai, zaɓe shi, rabin aikin ya ƙare, idanunsu za su koma kan Agumon, ɗaya daga cikin dabbobin shirin, su bar ka.

In an ce ka ƙara ɗaya, "We Are!" ta One Piece, wadda Kitadani Hiroshi ya rera a 1999, zamaninsu ɗaya da ta Digimon, kuma ita ma kowa zai taya. Waƙar Evangelion ta 1995 kowa ya san ta, amma muryar mace ce, Takahashi Yoko, sai ka yi gyaran sauti sosai. "unravel" ta Tokyo Ghoul kuwa, ka bar wa masu ita.

Sauran abin na zama ne. Waƙa ɗaya ake sakawa a layi, a jira zagaye ya dawo, kuma ana tafa wa kowa ko ya ɓata waƙar. Kada ka zama na farko, kada kuma ka bari sai ma'aikacin wurin ya bugo waya cewa saura minti goma. Na uku ko na huɗu ya yi, lokacin ɗaki ya ɗumama. Yawancinsu za su sha giya, kai ka ce a kawo maka shayin ulon, babu mai ɗaga gira. Kafin ranar kuma ka shiga gidan karaoke irin su Manekineko ko Big Echo da rana a ranar aiki, lokacin da farashi ke ƙasa, ka kama ɗaki kai kaɗai na awa guda. Zuwa karaoke mutum ɗaya abu ne da aka saba da shi a can. Ka gwada sautin asali, ka gwada sauke biyu, ka rubuta wanda ya zauna maka a waya don ka danna shi kai tsaye ran liyafar.