Tsakanin Shell da WScript.Shell: wanne ya fi dacewa wajen kiran Python daga cikin Excel?

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka a taƙaice. Kana da fayil ɗin Excel da kake shigar da cinikin kanti a ciki, kana kuma da sikirif na Python mai suna lissafi.py, wanda yake tattara cinikin wata ya rubuta jimillar a wani fayil daban. Idan ka buɗe Command Prompt ka kira shi da hannunka, aiki yana tafiya lafiya lau, amma idan ka danna maɓallin da ka haɗa da makro a cikin Excel, sai wata baƙar taga ta yi wuf ta ɓace, ba sakamako, ba saƙon kuskure. Da Shell na VBA, wato yaren da ake rubuta makro da shi a Excel, ka rubuta makron, wani kuma ya ba ka shawarar ka koma WScript.Shell, shi ne kake son sanin wanne ya fi.

Tun daga farko zan faɗa maka cewa sauya ɗaya da ɗaya ba zai gyara matsalar da kansa ba, amma ɗayansu zai nuna maka inda matsalar take, ɗayan kuwa zai ci gaba da ɓoye ta. A nan ne ainihin bambancinsu yake.

Shell na VBA kamar yaron da aka aika da saƙo ne, wanda da zarar ya miƙa a bakin ƙofa sai ya juyo, bai tsaya ya ga ko an karɓa ba. Yana tayar da manhajar da ka ambata, ya dawo maka da lambar da Windows ta ba wannan aikin, sannan makro ya wuce layi na gaba nan take, alhali Python bai ma gama buɗewa ba. Wannan lamba ba shaidar nasara ba ce, shaida ce kawai cewa an tayar da wani abu. Idan Shell bai sami python.exe ba, zai tsayar da makro da kuskure mai lamba 53, wato ba a ga fayil ba. Amma idan ya sami Python, shi kuma Python ya kasa samun lissafi.py, ko ya faɗi a layi na uku, a wurin Shell komai ya tafi daidai. Don haka idan layin da ke biye a makronka yana buɗe fayil ɗin sakamako, ko dai ya tarar babu shi, ko kuma, abin da ya fi muni, ya tarar da na watan jiya ya kawo maka shi kamar sabo.

WScript.Shell kuwa, wanda ake kira da CreateObject("WScript.Shell"), yana da umarnin Run mai karɓar abubuwa uku: umarnin da za a gudanar, yanayin taga, da kuma ko a jira ko kada a jira. Idan ka sa True a na ukun, makro zai tsaya cik har sai Python ya gama, sannan Run ya dawo maka da lambar da Python ya fita da ita. Sifili na nufin an gama lafiya, 1 na nufin sikirif ɗin ya faɗi da kuskuren da ba a tare ba, 2 kuma ita ce Python yake bayarwa idan bai iya buɗe fayil ɗin sikirif ɗin ba. Da wannan lamba ɗaya kaɗai ka riga ka raba matsalar gida biyu. Sai dai idan ka sa False, ko ka bar wurin babu komai, Run ya koma halin Shell, ya dawo da sifili nan take ko da aikin ya lalace, kuma wannan sifilin ƙarya ya fi shirun Shell yaudara.

Kafin ka sauya komai a makron, akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya, kuma yana aiki da duka biyun. Ka sa cmd /k a gaban umarninka, ka ba tagar yanayi mai lamba 1 don ta fito fili. Harafin k yana hana tagar rufewa bayan an gama, saɓanin cmd /c da ke rufe ta. Saƙon da yake wucewa da sauri har ido bai kama shi ba zai tsaya ka karanta a tsanake. Abin da za ka gani a wurin kusan koyaushe ɗaya ne daga cikin abubuwan da zan bi yanzu, kuma dukkansu sun samo asali ne daga cewa Excel ba ya kiran sikirif ɗin daga inda kake kiransa, ba kuma lallai da Python ɗin da kake kiransa da shi ba.

Na farko shi ne folda. Lokacin da kake aiki da hannu, ka riga ka shiga foldar aikin da cd, don haka idan sikirif ya ce a buɗe ciniki.csv, a nan gefensa zai duba ya samu. Excel kuwa yana da tasa foldar da yake tsaye a ciki, galibi Documents, ko kuma inda ka buɗe wani fayil na ƙarshe, kuma duk abin da ya tayar a can zai fara. A wajen Shell, sai ka yi amfani da ChDir kafin kira, tare da tuna cewa ChDir ba ya sauya faifai, wato idan aikin yana kan D alhali Excel yana tsaye kan C, sai ka haɗa da ChDrive. A wajen WScript.Shell, layi ɗaya na CurrentDirectory ya wadatar. Mutane da yawa suna dogara da ThisWorkbook.Path don gano foldar, kuma yana yin aiki, sai fa idan fayil ɗin yana cikin foldar OneDrive, inda yakan dawo da adireshin intanet mai farawa da https maimakon adireshin cikin kwamfuta, wanda ba ChDir ba Python ba mai iya shiga. Ni dai na fi son sikirif ɗin ya gano foldarsa da kansa ta hanyar __file__, domin a lokacin ko wa ya kira shi, daga ko'ina, ba zai ɓata hanya ba.

Na biyu shi ne wane Python ne aka kira. Kalmar python kaɗai ba adireshi ba ce, Windows ce take bin jerin foldodin da ke cikin PATH ta ɗauki na farkon da ta ci karo da shi. Idan ka kunna venv, wato keɓantaccen Python na aiki ɗaya da kayan da aka saka masa, a Command Prompt kafin ka yi gwaji, to wannan kunnawar ta tsaya a tagar ne kawai, Excel bai san da ita ba, shi ya sa za ka ga ModuleNotFoundError a kan kayan ƙari irin su pandas ko openpyxl alhali ka tabbata ka saka su. Haka nan, manhaja tana gadon PATH ne a lokacin da aka buɗe ta, don haka idan ka saka Python alhali Excel yana buɗe, sai ka rufe shi gaba ɗaya ka sake buɗewa. A Windows 10 da 11 akwai kuma wani python.exe na jeka-na-yi-ka a foldar WindowsApps, wanda idan ba a saka Python daga Microsoft Store ba, aikinsa kawai ya tura mutum can. A wannan fanni Shell da Run duk kanwar ja ce, maganin kuma ɗaya ne: a tagar da aikin yake tafiya daidai, ka sa Python ya buga maka sys.executable, ka kwafi cikakken adireshin da ya fito, ka sa shi a makro a madadin kalmar python.

Na uku shi ne tazara a cikin adireshi, irin wadda ke cikin Program Files ko sunan mai kwamfuta idan kalma biyu ne. Dole a kewaye irin wannan adireshi da alamun zance, a cikin VBA kuma kowace alama sai an ninka ta ko a rubuta Chr(34), sannan cmd /c yana da halinsa na cire alamar farko da ta ƙarshe idan umarnin ya fara da ita, har sai an ƙara wasu biyu sun kewaye umarnin gaba ɗaya. Na taɓa ɓata yammaci guda ina ƙirga waɗannan alamomi da yatsa a kan allo, daga ƙarshe na kwashe aikin na mayar da shi C:\Aiki, matsalar ta kau. Idan kwamfutar taka ce, wannan ita ce hanya mafi sauƙi.

Akwai na huɗu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa, wanda zai iya tasowa a daidai lokacin da kake ganin ka gama gyara. Tun daga Python 3.6, idan sikirif ya buga kalma mai harafi mai ƙugiya, kamar Ɗanladi ko ƙwai, kai tsaye a baƙar taga, ba ya faɗuwa. Amma da zarar an karkatar da abin da yake bugawa zuwa fayil ko zuwa wata manhaja, sai ya koma tsohon tsarin haruffa na Windows, wanda a kwamfutocin da aka saita da Turanci shi ne cp1252, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa, babu ma alamar ₦. Sakamakon shi ne UnicodeEncodeError, tare da ambaton \u0199 idan ƙ ce ta jawo, ko \u0257 idan ɗ ce. Ga sikirif yana aiki da hannu, ga shi yana faɗuwa a ƙarƙashin Excel, kuma ba a taɓa ko layi ɗaya a cikinsa ba. Maganin shi ne a ƙara -X utf8 bayan python.exe, abin da ake iya yi tun daga Python 3.7. A ɓangaren Excel kuma, idan za ka karanto fayil ɗin cikin makro, ka yi amfani da ADODB.Stream ka saita Charset zuwa utf-8, domin tsohon umarnin Open na VBA zai mayar da haruffan wasu alamomi marasa ma'ana. Ka kuma guji sa haruffa masu ƙugiya a sunan folda, domin wurin rubuta makro na VBA ba ya riƙe su, yakan mayar da su alamar tambaya.

Idan aka haɗa waɗannan, ga abin da zan rubuta da ni ne a matsayinka:

Set w = CreateObject("WScript.Shell")
w.CurrentDirectory = "C:\Aiki"
lamba = w.Run("cmd /c C:\Aiki\venv\Scripts\python.exe -X utf8 lissafi.py > rahoto.txt 2>&1", 0, True)

Alamar > tana zuba duk abin da sikirif ya buga cikin rahoto.txt, 2>&1 kuma tana haɗa saƙonnin kuskure a wuri guda da su. Waɗannan alamomi cmd ne yake fahimtarsu, ba Python ba, shi ya sa ba a barin cmd /c a baya. Bayan layin, makro ya duba lamba: idan sifili ce ya ci gaba da ɗauko sakamako, idan ba ita ba ce ya tsaya ya buɗe maka rahoto.txt. Shell ma zai iya rubuta wannan rahoton da umarni iri ɗaya, amma ba zai gaya maka lokacin da aka gama rubuta shi ba.

Jiran da Run yake yi yana da nasa farashi, kuma adalci ne a faɗe shi. Muddin Python yana aiki, makron yana tsaye, kai ma ba za ka ci gaba da aikinka yadda ka saba ba. Idan kuma akwai input() a wani wuri cikin sikirif ɗin, irin wanda ake sawa a ƙarshe don taga ta tsaya, alhali ka ɓoye tagar da lamba 0, to Python zai zauna yana jiran a danna Enter a tagar da ba mai ganinta, Excel yana jiran Python, sai dai ka shiga Task Manager ka kashe python.exe. Saboda haka kada ka sa 0 sai ka ga aikin ya tafi daidai da 1 sau da dama. A nan ne Shell yake da gurbinsa: buɗe wata manhaja da makro ba ya bukatar komai daga gare ta, ko tayar da dogon aiki da za a duba sakamakonsa daga baya. Naka aikin ba irin wannan ba ne, tunda Excel yana jiran jimillar.

WScript.Shell yana da umarni na biyu, Exec, wanda za ka gani ana yabawa saboda yana ba makro damar karanta StdOut da StdErr, wato abin da sikirif ya buga da saƙonninsa na kuskure, kai tsaye ba tare da fayil ba. Ban cika ba da shawararsa ba. Ba shi da wurin ɓoye taga, yana karanta rubutu da tsohon tsarin haruffa, wato matsalar ƙ da ɗ ta dawo ta bayan gida, kuma idan sikirif ya zuba saƙonni da yawa a StdErr alhali makro yana jiran StdOut ya ƙare, bututun da ke tsakaninsu yakan cika, kowanne ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa. Ga amsa ta layi ɗaya ko biyu yana da amfani, ga rahoton wata guda kuwa fayil ya fi kwanciyar hankali.

Ka lura kuma da fayil ɗin da sikirif yake rubutawa. Ka ce daban ne, kuma hakan ya yi kyau, amma idan ka bar shi a buɗe a Excel daga dubawar da ta gabata, Windows za ta hana Python rubutu a kansa, rahoto.txt kuma zai nuna PermissionError mai lamba 13. Makro ya rufe shi kafin kira, ya sake buɗewa bayan lamba ta dawo sifili.

Idan duk wannan ya yi aiki a kwamfutarka ta gida amma ya ƙi a ta ofis, mai yiwuwa ba daga makron ba ne. Microsoft Defender yana da wata ƙa'ida da masu kula da kwamfutocin ma'aikata suke kunnawa, wadda take hana manhajojin Office tayar da wata manhaja, kuma tana tare Shell da Run da Exec baki ɗaya, sai wanda ya kunna ta ne zai iya ba da izini. Tun 2022 kuma Office yana toshe makro a fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet ko imel, har sai an shiga Properties na fayil ɗin an zaɓi Unblock. Duk bayanin nan kuwa na Windows ne: idan wani daga cikin masu amfani da fayil ɗin yana kan Mac, babu WScript.Shell a can, sai an bi ta AppleScriptTask, wanda tsarinsa daban ne.