Na je kallon wasan tsofaffin Turawa a gefen birnin Lids na Ingila, ga yadda ta kaya

Wata dattijuwa da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi ce ta matsa min wata biyu cur, kullum muka haɗu a wajen aiki sai tace ka sayi tikiti mana, ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo zata yi abun da suke kira old time music hall, wato wasan waƙa da barkwanci irin na zamanin da. Ba ƙwararru bane, ba a biyansu ko kwabo, cikinsu akwai direban bas da malamar firamare da tayi ritaya da wani mai gyaran famfo. Daga ƙarshe kunya ta kama ni na biya fam 12 har da abinci a ciki, ranar asabar na hau bas zuwa ƙauyen nasu. A ɗakin taron coci aka yi.

Ina shiga naga ni kaɗai ne bare. Mata da manyan huluna masu gashin tsuntsu, maza da gashin baki na manne da agogon sarƙa a aljihu, kuma fa ƴan kallo ne waɗannan, ni kuwa da jaket ɗina na zuwa aiki. Tsohon da muka haɗa tebur shi ya fahimtar dani cewa BBC tayi wani shiri The Good Old Days daga 1953 zuwa 1983, a gidan wasan City Varieties na nan Lids ake ɗauka, ƴan kallo suna zuwa da kayan zamanin sarauniya Biktoriya, to shi suke kwaikwaya har yau. Gidan tun 1865 yake, na sha wucewa ta lungun ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba.

Wanda ya fi burge ni ciyaman ne. Yana zaune a gefen dandali da ƙaramin tebur da gudumar katako, kafin kowa ya fito sai ya buga gudumar ya kwararo masa kirari da wasu dogayen kalmomin turanci masu farawa da harafi iri ɗaya, duk kalmar da ya saki sai jama'a suce uuuu kamar sunji abun mamaki. Sanƙira ne sak wallahi, bambancin kawai babu mai liƙa masa kuɗi. Cikin kalma goma biyu nake ganewa, da na faɗa wa tsohon sai yace shima uku yake ganewa.

Shi wannan wasa asalinsa na talakawa ne, daga mashayun Landan ya taso, wani Charles Morton ya buɗe gidan wasan Canterbury a 1852, leburori su tashi aiki su zo suna ci suna sha ana musu waƙa da barkwanci. Ko Charlie Chaplin a irin wannan dandali ya fara kafin fim, kuma silima da rediyo suna cikin abun da ya karya kasuwar. Shi yasa waƙoƙin cike suke da gugar zana, kalmomin fes ba abun kunya a ciki amma mai waƙar zata kashe ido ɗaya ta ɗan dakata sai ɗaki ya ɗauki shewa, ance wata mawaƙiya Marie Lloyd ce gwanar wannan a zamaninta. Ƴan gambara na tuna. Ita kuwa mutuniyar tawa sai gata da kwat na maza da doguwar hula da sanda tana taƙama, mai gyaran famfo kuma ya fito da rigar mata da janbaki, kamar dai tashe cikin azumi, nayi dariya har da hawaye.

Amma gaskiya akwai matsaloli. Makirufo ya ɗauke sau uku, mai fiyano tana gudu mawaƙi yana binta a baya, mai siddabaru kuma zanen aljihunsa ya leƙo tun kafin lokaci. Kujerun roba ne kuma an kusa awa uku. Barkwancin surukai yayi yawa, mutum ya tsaya gaban jama'a yana tsiya wa uwar matarsa, ni dai raina bai so ba. Abincin kuma fai ne, wato gasasshen ƙullin fulawa, na naman alade da dameƙƙen koren wake, ba a rubuta a tikiti ba, sai da na tambaya aka lalubo min na cuku da albasa wanda ya riga ya huce. Akwai kantar giya a baya, wanda zai je ya san da wannan.

Abun da ya wanke musu laifi duka amshi ne. Kowane tebur akwai takardar baitocin amshi, ana zuwa wajen sai ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka, a nan na gane ba wai kallo ake zuwa ba, waƙar ake zuwa yi, na kan dandali jagora ne kawai ko muryarsa ta shaƙe ba wanda ya damu. Akwai wata tsohuwa a keken guragu kusa damu da tayi ta gyangyaɗi tun farko, ana fara wata waƙa ta miƙe wuya ta rera baiti baiti bata kalli takarda ba, ƴarta na riƙe da hannunta. Ni da nake aiki da masu ciwon mantuwa na san wannan abun sarai, mutum ya manta sunan ɗansa amma waƙar ƙuruciya tana nan daram.

Maki bakwai cikin goma na basu. In turancinka bai saba da harshen Yokshaya, yankin da Lids take, ba rabin barkwancin zai wuce ka, ka zauna kusa da tsoho mai surutu, kuma ka ci abincinka daga gida. Na fita kafin waƙar rufewa saboda bas na ƙarshe, ranar litinin dattijuwar nan tace ta ganni ina sulalewa, wai hukuncina shine jera kujeru a wasansu na hunturu.