Gargaɗi ga masu neman mariƙin fim ɗin nan-take na tsofaffin kyamarorin Graflex

Ina jan hankalin duk mai riƙe da tsohuwar kyamarar 'yan jarida, irin su Speed Graphic da Crown Graphic na kamfanin Graflex, kan wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa. Wasu na tallata mariƙin fim ɗin nan-take, wato abin da ake maƙalawa a bayan kyamara ya riƙe fim mai fitar da hoto nan take, haɗe da kwalin fim, suna cewa yana hawa kowace kyamara mai ɗaukar fim mai girman inci 4x5, kuma wai fim ɗin sabo ne fil daga masana'anta.

Batun fim ɗin shi ne ƙaryar da ta fi cin rai. An ƙera mariƙin Polaroid 545 ne domin fim mai falle ɗai-ɗai irin Type 55, wanda kamfanin ya daina yi tun 2008. Su kuwa mariƙan Polaroid 405 da Fuji PA-145, fim ɗin da ake ja a ɓare takardarsa suke ci, kuma Fujifilm ya dakatar da nasa irin wannan fim ɗin, FP-100C, a 2016. Saboda haka duk wanda ya ce yana da sabon kwalin irin waɗannan fim ɗin daga waɗannan kamfanoni biyu, kwantai ne ya goge wa ƙura. Ku ƙura wa hoton tallar ido, za ku ga an ɗauki kwalin ta gaba kawai, ko kuma babban yatsa ya danne daidai inda aka buga ranar ƙarewar aikinsa. Sinadarin wanke hoton yana cikin wata 'yar jaka ce a bakin kowane falle, idan kuwa ya bushe, rolar cikin mariƙin, mai matse sinadarin a kan fallen, ba ta da abin da za ta shimfiɗa, sai hoto ya fito rabi ko ya ƙi fitowa sam. Fim ɗin Polaroid na yanzu, 600 ko i-Type, ba ya shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan mariƙan.

Cewa yana hawa kowace kyamara ma ba gaskiya ba ne. Mariƙin LomoGraflok, mai amfani da fim ɗin Instax Wide da har yanzu ake yi, ba ya hawa sai kyamara mai irin bayan da ake kira Graflok, wanda ya fito a 1949, domin sai an cire gilashin saiti, wanda ake dubawa a daidaita hoto, sannan a kulle mariƙin da ƙarafa biyu masu zamewa. Tsohon baya mai sifirin ba shi da waɗannan ƙarafan. Kuma da yake fim ɗin yana zama can baya da inda gilashin yake, ana haɗa shi da wani firam da ake sakawa yayin saiti. Macutan sukan sayar da shi babu firam ɗin, hoto ya yi ta fitowa dishi-dishi, mai saye yana zargin gilashin gaban kyamararsa.

Kafin ku biya, ku nemi sabon hoton rolar a buɗe don ganin ko tsatsa ta ci ta, da na marfin da ke tare haske, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefe. Wanda ya ƙi, ko ya nace a tura kuɗi ta hanyar da ba a iya maido su, ku rabu da shi, sannan ku kai ƙorafinsa ga masu kula da shafin.