Sharhina kan gidan renon da ke cikin kwalejinmu

'Yan'uwana mata da dama sun tambaye ni ko gidan renon da ke cikin kwalejinmu ya cancanci a ba shi amanar yaro, musamman malaman firamare irina waɗanda suka yi NCE tun kafin aure, sannan suka dawo neman digiri ta tsarin karatun dogon hutu da goyo a baya. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a koyar da ita a Najeriya, kuma wadda ta tsaya a kanta tana ji tana gani waɗanda ta riga kama aiki za su wuce ta, shi ya sa na koma aji ina da yarinya 'yar shekara huɗu da yaro wanda ko yaye bai kai ba. Na zaɓi wannan gidan reno ne saboda kusancinsa da azuzuwanmu, yadda zan iya fita tsakanin lacca da lacca in shayar da yaron in dawo kafin malami ya shigo.

Karatun dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi addabar yara. Yarana suna shan maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa 'yan wata 3 zuwa wata 59 duk wata a damina, amma rigakafin rage ciwon yake yi, ba ya hana shi gaba ɗaya. Ranar da muke rubuta wata jarrabawa mai nauyi, wayoyinmu duk a kashe cikin jakunkuna a gaban aji, jikin yaron ya ɗau zafi farat ɗaya bayan na ajiye shi lafiya ƙalau da safe, kuma kafin azahar sai ya fara jijjiga, idanunsa suka kakkafe.

Abin da dattijuwar da ke kula da yaran ta yi, wadda kowa ke kira Inna, shi ne dalilin rubuta wannan sharhi. Yarinyar da ke taimaka mata ta ruga ta ɗauko cokali za ta cusa masa a baki, kamar yadda aka saba a gidajenmu, Inna ta daka mata tsawa ta hana. Ta kwantar da shi a gefensa a kan tabarma, ta tuɓe masa riga, ta janye sauran yaran daga kusa da shi, tana goge masa jiki da tsumma mai ruwan ɗumi-ɗumi har jijjigar ta lafa. Ba ta shafa masa albasa ba, ba ta turara masa komai ba, ba ta ɗura masa ruwa ba. Tana ganin ya dawo hayyacinsa sai ta goya shi, ta tare adaidaita sahu zuwa asibitin kwaleji, ta biya kuɗin kati daga bakin zanenta. Sannan ta turo yarinyar ta tsaya a ƙofar ɗakin jarrabawa, da umarnin kada ta faɗa mini komai sai na miƙa takardata.

Wasu ƙawayena sun ce da su ne, ba za su yafe wannan jinkiri ba. Ni kuwa ina ganin ta yi daidai, domin yaro yana hannun ma'aikatan jinya, zuwana ba zai ƙara musu komai ba, kuma da na fito a rabin jarrabawa sai na jira wata shekarar kafin in sake zama a kanta. Da na isa asibiti a guje na tarar an soki yatsansa an tabbatar zazzaɓin cizon sauro ne, an yi masa allura, yana barci a cinyarta. Ta dube ni ta ce, "Malama, zauna ki sha ruwa tukuna, ɗanki ɗana ne." Ma'aikaciyar jinyar ta bayyana mini cewa irin wannan jijjiga ta zafin jiki tana samun yara daga wata shida zuwa shekara biyar, kuma sau da yawa cokalin da ake cusawa ya fi jijjigar kanta yi wa yaro lahani. Na yi ta roƙon Inna ta karɓi kuɗin da ta kashe, ta ƙi ƙememe. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata zuriya.

A wannan ranar da an tambaye ni, da na ce babu gidan reno kamar wannan a garin. Amma da hankalina ya kwanta sai na fara tambayar kaina abin da ya sa ba a kira maigidana ba, alhali na rubuta lambarsa a takardar rajista. Ashe takardun duka suna kulle a ofishin shugabar wurin, wadda ba ta cika leƙowa ba sai lokacin karɓar kuɗi. Babu ma'aunin zafin jiki ko ɗaya a wurin da ake tara jarirai, da tafin hannu Inna ta gane jikin ya yi zafi. Ragar tagogin ta yayyage, ga ruwa kwance a bayan ginin duk damina, kuma mata biyu kacal aka bar wa ɗaki cike da yara, masu rarrafe da masu gudu a haɗe. Wato abin da ya ceci ɗana basirar mace guda ce, ba tsarin da masu wurin suka shimfiɗa ba, kuma da ranar hutunta ce ban san abin da zan tarar ba.

Batun lokaci ma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Suna rufewa da ƙarfe huɗu, alhali laccocinmu kan kai ƙarfe shida, kuma duk wadda ta makara sai ta biya tara, ko da malami ne ya riƙe aji. Ranar Asabar ba sa buɗewa sam, ita ce kuwa ranar da malamai suka fi son rama darussan da suka wuce, don haka sai ka ga iyaye mata a kujerun baya suna rubutu da hannu ɗaya suna jijjiga goyo da ɗayan. Ƙarin kuɗin da suka yi bayan cire tallafin man fetur a 2023 ban ga laifinsu ba, komai ya tashi, sai dai a tsakiyar zango suka liƙa sanarwar a ƙofa ba tare da sun zauna da iyaye ba, kuma ko ragar taga ɗaya ba a sauya da ƙarin ba.

'Yata dai na mayar da ita wurin surukata, domin ba ta buƙatar shayarwa, ba kuma ta koyon komai a can. Yaron zan sake kawo shi a zango mai zuwa idan Inna tana nan, in ba ta nan ba zan kawo shi ba. Wadda za ta ajiye ɗanta a wurin ta rubuta lambar mijinta da ta wani makusanci a takarda ta damƙa wa Inna hannu da hannu, ta zo da ƙaramin gidan sauro nata, ta kuma sa ma'aunin zafi a jakar yaron. Na rubuta wa shugabar wurin takarda kan ragar tagogi da takardun rajistar da ke kulle tun kafin mu tafi hutu, kuma har yanzu ba ta ba ni amsa ba.